Zan ɗauko hayar jak-hama in fasa ƙofar shago da kaina, me ya kamata in tanada?

Nasiru Tudun Wada: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawarar masu sana'a nake nema. Ɗakin bakin titi na gidanmu nake so in mayar shago. Aikin biyu ne: a fasa bangon gaba a fitar da ƙofa mai faɗin ƙafa 8, sannan a tone tsohon daɓen kankaren a sauke shi, don ya fi titi tudu da yawa. Leburori sun yanka mini kuɗin da ya fi ƙarfina. Akwai mai ba da hayar jak-hama na lantarki, wato injin fasa kankare, a Sabon Garin Zariya, ni da ƙanena muna ganin ranar Asabar za mu tashi aikin. Ban taɓa riƙe injin ba. Me zan tanada?

Garba Birkila: Wa'alaikumus salam. Kafin a zo maganar inji, me ke saman ɗakin? Kwano ne ko dakin, wato rufin kankare?

Nasiru Tudun Wada: Dakin ne Malam Garba. Akwai ɗaki ɗaya a sama, ƙanen nawa ke kwana ciki.

Garba Birkila: To daɓe naka ne, ka fasa abinka. Bango kuwa ka ɗaga masa ƙafa tukuna.

Shehu Dogo: Kai Malam Garba, daga sallama sai tsoratarwa? Ƙofar shago nawa muka buɗe daga Kwangila zuwa Samaru? Ka samu inji mai kyau kawai Nasiru, kafin Azahar ka gama.

Injiniya Hauwa: Malam Nasiru, tambayar Malam Garba ita ce gaba da komai. Yawancin gidajen da aka ɗora wa bene daga baya a unguwanninmu ba su da bim, wato gadar kankare mai rodi da ke ɗaukar nauyi, a ƙarƙashin dakin, an zuba shi ne kai tsaye a kan bulo mai inci 9. Ke nan bangon da kake son ɓulawa shi ke ɗauke da dakin, da ɗakin sama, da rufinsa. Ƙafa 8 kusan mita 2.4 ne. Idan ka cire bulon wannan faɗin ba tare da ka ba nauyin wata hanyar sauka ba, zai nemi hanya da kansa.

Yadda ake yi: a fara tokare dakin daga ciki da ƙarafan tokari ko gora masu kauri, a kan katako shimfiɗe, ba kan ƙasa tsirara ba. A buɗe gurbin linta a saman inda ƙofar za ta tsaya, a ɗaura rodi a zuba kankare, linta ta hau bango sosai ta kowane gefe. Wani lokaci sai an tsayar da fila, wato ginshiƙin kankare, hagu da dama. A bar shi ya yi ƙarfi, kankare kuwa sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa. Bayan nan ne za a shata layin ƙofar da giranda, a fasa daga sama zuwa ƙasa. Girman rodi da kaurin linta ba zan faɗa maka daga nan ba, sai wanda ya tsaya a wurin ya gani da idonsa. Sannan mayar da ɗakin kwana shago sauyin amfani ne, ka leƙa ofishin KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kaduna, ka ji abin da ake buƙata.

Kuma lura da wani abu: tokarin nan a kan daɓe zai tsaya. In ka fasa daɓen yanzu, ka daidaita ƙasan ka daddaɓe ta kafin ranar aikin bango.

Shehu Dogo: Injiniya ku komai sai takarda da kwana 28. Talaka haya yake biya.

Injiniya Hauwa: Malam Shehu, cikin ƙofofin da ka buɗe, nawa ne ke da bene a sama?

Shehu Dogo: Gaskiya yawanci kwano ne.

Garba Birkila: Shi ke nan ai.

Nasiru Tudun Wada: Na ji, na bar bango sai an duba. Mu koma daɓe. Wane inji zan karɓa, kuma wutar gida za ta ja shi? Ina da ƙaramin janareto Tiger idan aka ɗauke.

Isyaku Wayarin: Tiger ɗin ka bar shi ya ci gaba da fanka da cajin waya. Abin da yake bayarwa bai kai wat 1000 ba, jak-haman fasa daɓe kuwa daga wat 1500 zuwa 1750 yake ci, kuma lokacin tashi yana figar fiye da haka. Nemi janareto mai kVA 3 ko sama, kada a haɗa masa komai sai injin. A waje za ka ajiye shi, nesa da ƙofa da taga, hayaƙinsa na kashe mutum cikin rufaffen ɗaki ba tare da ya ji warin komai ba.

Ni da janareton ma na fi so ka yi aikin ko da akwai wutar gari, saboda dalili biyu. Na farko, wutarmu bolt 230 ya kamata ta zo, amma ranar da ta zo ba ƙarfi injin zai riƙa gurnani yana zafi har koyil ya ƙone, mai haya ya ɗora maka kuɗin naɗi. Na biyu ya fi muhimmanci: ina so ka kashe wutar gidan gaba ɗaya daga babban makunni kafin bakin inji ya taɓa ƙasa, don ba ka san inda waya ta bi ba. To ga inda mutane ke ruftawa. Sai su kashe wutar gari, su tayar da janareto, su juya canjin wuta zuwa gida, su sa injin a soket ɗin bango. Sun mayar da wuta cikin wayoyin da suka kashe ke nan. Daga jikin janareto kai tsaye za ka ja waya zuwa inji.

Nasiru Tudun Wada: Wallahi abin da na yi niyyar yi ke nan, a soket ɗin ɗakin.

Isyaku Wayarin: Na sani, kowa haka yake yi. Wayar ja kuma mai kaurin 2.5 ta jan ƙarfe zalla, mai rigar roba, ba 'yar siririyar nan ta talabijin ba. In a naɗe take a kan gangarta, warware ta duka, naɗaɗɗiyar waya zafi take tarawa har ta narke. Ka bi ta da hannu daga farko zuwa ƙarshe kafin ka kunna, duk inda aka ɗaure da leda ko salatif kada ka karɓa. Banda cusa tsirarar waya a soket da tsinken ashana, a sa filogi. In za ka samu ɗan bireka mai katse wuta da zarar ta fara bi ta jikin mutum, mai miliamp 30, ka sa shi a tsakani, amma ka kira mai wayarin ya haɗa shi, don a kan janareto ba ya aiki daidai sai an yi masa wayar ƙasa yadda ya kamata.

Game da bututun waya: a ƙa'ida daga soket ko makunni yana miƙewa ne sama, ko ƙasa, ko gefe a tsaye. Amma wasu 'yan'uwanmu masu son rage kuɗin bututu a karkace suke ratsawa, wani ma ta ƙarƙashin daɓe. Kada ka amince da ƙa'ida a tsohon gida.

Alhaji Mudi Mai Haya: Ni ba ni ne zan ba ka hayar ba, amma sana'ata ce, bari in faɗa maka abin da ke haɗa mu faɗa da masu karɓa. Na daɓe shi ne babba mai kilo 15 zuwa 16, wanda bakinsa ke da kusurwa shida. Na bango daban ne, mai kilo 5 zuwa 10, irin mai bakin SDS-max. Kada wanda ya ce maka ka ɗaga mai kilo 16 ka kara a bango kana kan tsani. In baki ya ɓula ya wuce, injin zai ja ka ku tafi tare.

A gaban mai shi za ka sa a kunna. Ka saurara, ka leƙa ta ramukan iska, in kana ganin tartsatsi mai yawa burushin kabon ya cinye, a canza kafin ka fita da shi. Irin masu tankin mai suna da ɗan gilashi a gefe, ka tsayar da injin a miƙe ka ga inda man ya tsaya, ka kuma tambayi irin man da yake zubawa. Ka karɓi baki biyu, mai tsini da mai faɗi. Wanda gindinsa ya baje ko ya tsage ka mayar masa.

Sa baki kuwa: zare filogi tukuna, ba kashe makunni kawai ba. Goge gindin bakin, shafa masa giris kaɗan, tura shi ciki ɓangaren da aka fafe yana kallon makulli, ja makullin ka juya shi ya zauna. Sannan ka kama bakin ka ja da ƙarfi. Ya kamata ya yi 'yar kai-komo amma kada ya fito.

Shehu Dogo: Wannan duk gaskiya ne. Sai kuma ƙarfi. Ka hau kansa da ƙirjinka ka danna, shi ne yake ci.

Alhaji Mudi Mai Haya: A'a Shehu, masu danna min inji irinku ne ke sa ni zarya wurin mai gyara. Abin da ke bugu yana cikin injin, iska ce ke tunkuɗa shi, dannawarka ba ta ƙara masa komai. Nauyinsa ya isa. Naka shi ne ka riƙe da hannu biyu ka saita.

Shehu Dogo: To in kankaren ya ƙi fa?

Alhaji Mudi Mai Haya: Ka matsa. In ka yi daƙiƙa 15 a wuri ɗaya bai tsage ba, rami kawai kake haƙawa, bakin na zafi yana dakushewa, ƙarshe ya maƙale.

Garba Birkila: Nan ne sabon hannu ke shan wahala. Yana zuwa sai ya kafa a tsakiyar ɗaki. Kankare yana son wurin da zai faɗa. Fara daga bakin ƙofa ko inda ya riga ya tsage, ka shiga ciki kamar taƙi ɗaya daga gefe, ka ɗan karkata injin zuwa wajen da ba komai. Yana ɓallewa ƙanenka ya kwashe da shebur, kai ka sake ja da baya taƙi ɗaya. Kamar yadda ake cin tuwo mai zafi, daga gefe. Ƙafafunka a ware, bakin inji a gabanka ba tsakanin yatsun ƙafa ba, wayar kuma ta bi ta bayanka. In baki ya maƙale kada ka mayar da injin diga ka riƙa banƙara, bakin zai karye ko gidan makulli ya fashe. Zare filogi, cire injin daga bakin, sa ɗaya bakin, ka fasa gefensa har ya saki. Kuma kada ka kama shi da hannu tsirara bayan aiki, yana ƙona fata.

Alhaji Mudi Mai Haya: Ƙari ɗaya. Kada a bar shi yana bugun iska, sai baki ya zauna a ƙasa ake matsa makunni. Yanzu kuma hunturu ne, da sassafe man ciki yana daskarewa, za ka ji mota na juyawa amma ba bugu. Ba lalacewa ba ce. Ɗora bakin a kan kankare ka bar shi ya ɗan yi aiki a hankali, da ya ɗumama zai kama.

Maman Halifa: Ku gafarce ni maza, kun yi ta tattalin inji, ba wanda ya yi maganar mai riƙe shi. Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ƙurar kankare ba irin ta hunturu ba ce da za ka yi kaki ka tofar. Yashi da tsakuwar da ke ciki idan aka niƙe su suna fitar da ƙura mai laushin da ido ba ya gani, tana shiga can ƙasan huhu ta zauna, huhun ya yi tabo ya taurare. Ba ya warkewa. Kuma mai wannan tabon ya fi saurin kamuwa da tarin fuka. Ga cibiyar tarin fuka da kuturta nan a Saye, duk mai aikin fasa dutse ko kankare da tari ya wuce masa mako biyu ya je a gwada shi. Takunkumin asibiti mai shuɗi ko naɗa rawani a hanci ba sa tare wannan ƙurar. A nemi mai lamba N95 ko FFP2, a matse ƙarfen hancin. Mai gemu ya sani gefe ba ya kama masa sosai.

Shehu Dogo: Hajiya mu madara muke sha bayan aiki, tana wanke ƙirji.

Maman Halifa: Madara ciki take tafiya Malam Shehu, ƙura kuma huhu. Hanyarsu ba ɗaya ba ce. Ka sha abarka don daɗi.

Sai kunne. Ƙarar wannan injin tana kai desibel 100 ko fiye, balle a cikin ɗaki da bango ke dawo da ita. Ma'aunin hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka shi ne desibel 85 na awa 8, a desibel 100 kuwa minti 15 ne kawai. Audugar da ake cusawa ba ta isa ba, a sayi matoshin kunne na soso ko mai rufe kunne gaba ɗaya. Shi ma mai kwasa da shebur ya sa. Tabarau mai rufin gefe dole ne, tsakuwa a ido kan kai mutum asibitin koyarwa na Shika. Takalmi mai ƙarfe a baki, ba silifa ba.

Injiniya Hauwa: Bari in ƙara da maganar girgiza. Littafin kowane inji yana da lambar girgizarsa. Dokar Ingila ta 2005 ta sa 5 a matsayin iyaka ga aikin awa 8. Injin da lambarsa ta kai 15, kuma da yawa sun kai, bai cika awa ɗaya ba mutum ya cinye rabonsa na yini. Shi ya sa masu daɗewa a aikin ke kukan yatsu na mutuwa suna fari, musamman da sanyi. Ku riƙa karɓeɓeniya da ƙanenka, kada ku damƙe hannun injin da ƙarfi, da kun ji yatsu na tsiri-tsiri ku huta.

Shehu Dogo: Wannan kam ina ji. Da asuba in na zo alwala yatsu biyu ba sa jin ruwa sai an jima. Na ɗauka sanyi ne.

Maman Halifa: Ka je a duba ka, kada ka bari ya yi nisa.

Nasiru Tudun Wada: To in na riƙa zuba ruwa don ƙura ta kwanta fa?

Maman Halifa: Shi ne ma ya fi takunkumi amfani.

Isyaku Wayarin: Hajiya a nan za mu ɗan saɓa. Inji mai jikin ƙarfe, mutum tsaye cikin ruwa, waya kwance a ƙasa, kuma injin haya da ba ka san hannu nawa ya buɗe shi ba. Ni hankalina bai kwanta ba.

Maman Halifa: Ban ce a mayar da ɗakin rafi ba Malam Isyaku.

Garba Birkila: Ku duka kuna da gaskiya. Abin da muke yi, gorar ruwa ake huda wa murfi da ƙusa, ƙanen ya riƙa fesawa daidai bakin cizal kaɗan-kaɗan, ƙasa ta yi danshi ba ta kwanta da ruwa ba. Mahaɗar waya a rataye ta a ƙusa sama da ƙasa. Ruwa kada ya taɓa jikin injin. Wurin shara ma a yayyafa kafin a sa tsintsiya.

Isyaku Wayarin: In haka ne na yarda, da sharaɗin birekan nan da na faɗa.

Baba Lawal Kwarbai: Yaro, ina karanta ku tun ɗazu. Ɗakin nan ya haɗa bango da maƙwabci? In ya haɗa, ginin me ne nasa?

Nasiru Tudun Wada: Ta gabas ya jingina da zauren maƙwabcinmu Baba, na ƙasa ne, soro da azara, an dai yi masa filastar siminti.

Baba Lawal Kwarbai: To ka je ka gaishe shi kafin Asabar, ku shiga zauren tare ku duba inda ya tsage tun yanzu, ka ɗauki hoto a gabansa. Filastar siminti a kan tubali ɓoye ciwo take yi, ciki na iya zama gari ana ganin waje sumul. Girgiza tana bi ta ƙasa ta same shi. Mu na cikin birni ba mu manta da Juma'ar nan ta watan Agustan 2023 ba, da wani sashe na babban masallacin fadar Zazzau ya rufta kan masallata ana La'asar, ginin Babban Gwani tun shekarun 1830. Ba inji ne ya jawo wannan ba, amma tsohon ginin ƙasa in ya fara tsagewa ba a yi masa jinkiri. Ka bar kamu ɗaya daga jikin bangon gabas, ka yanka layi da giranda don raba daɓen da bangon, ragowar ka cire da guduma da hannu. Ranar aikin kuma kada kowa ya zauna a zauren. Yaran layi ma a kore su, da sun ji ƙara za su cika ƙofar.

Nasiru Tudun Wada: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Yau da Magariba zan same shi.

Garba Birkila: Abu na ƙarshe daga gare ni. Kafin ka kunna, zagaya ɗakin kana ƙwanƙwasa daɓen da guduma. Inda ya yi amon rami ka tsaya ka tambayi manyan gidan. Tsofaffin gidaje da yawa an ɗora ɗaki a kan tsohuwar rijiya ko sokawe.

Nasiru Tudun Wada: Salam jama'a, ga rahoto. Daɓe ya tashi jiya kafin La'asar. Na ƙwanƙwasa ko'ina ba amon rami, mahaifiyarmu ma ta ce rijiyar tana tsakar gida ne. Amma Malam Isyaku, bututun waya muka tarar kwance a ƙarƙashin daɓen, daga soket ɗin yamma ya ratsa ɗakin a karkace. Bakin inji ya huda shi ya yanke waya ɗaya. Wutar gidan a kashe take.

Isyaku Wayarin: Alhamdu lillahi. Kada ka mayar da wutar wannan layin, kuma kada a ɗaura wayar a binne. Sabuwa za a ja ta bango. Turo mini kwatancen gidan ta akwati.

Injiniya Hauwa: Bangon fa?

Nasiru Tudun Wada: Yana nan ban taɓa ba. Wani magini ya kankare filasta a kusurwa ya duba, ya ce babu bim, dakin a kan bulo yake zaune. Sai na tara kuɗin rodi da na wanda zai lissafa.

Shehu Dogo: Ɓaraguzan fa, ina ka kai? Kada ka zuba a kwata. Ina da cikon fandisho a Dogarawa, gobe da safe zan turo mai kura ya kwashe.